Zuwa da kai ya fi saƙo: tarihin tarukan buɗaɗɗiyar manhaja da rabon malaman Maraɗi a cikinsu

A watan Maris na 2025, sabon kundin da ake tafiyar da mulkin Nijar da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Mu da ke riƙe da alli a makarantun Agye da Gazawa da Gidan Rumji mun yi murna, sai dai murnar ta zo da tambaya. Ranar da aka ce a buga darasi ko jarrabawa da Hausa, da wace na'ura za a buga? Duk malamin da ya taɓa kai rubutunsa wurin masu buga takardu a bakin tasha ya san abin da ke faruwa: ƙ ta koma akwati, ɗ ta koma alamar tambaya, ko kuma mai bugun ya yanke ƙugiyar ya huta. Sai ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari. Yaron da muka sha wahalar koya wa bambancin waɗannan kalmomi shi ne zai zauna a gaban takardar.

Wannan matsala mutane ne ke gyara irinta, kuma mutanen nan suna da wuraren da suke haɗuwa shekara-shekara. Na haura shekara ashirin ina koyarwa tun da na fito makarantar horar da malamai, kuma a ƴan shekarun nan na bi diddigin tarihin waɗannan taruka. Abin da na fahimta shi ne, wanda ya je ya buɗe baki, bukatarsa ce ke shiga cikin manhaja. Ga tarihin, ya ku malamai ƴan'uwana da iyayen yara, don mu ga inda rabonmu yake.

Asalin maganar

Manhaja ita ce jerin umarnin da ke sa kwamfuta ko wayar salula ta yi aiki. Mai haɗa ta yana rubuta umarnin da wani rubutu da ɗan Adam zai iya karantawa, shi ne rubutun asali. Yawancin kamfanoni suna sayar da manhajar su ɓoye rubutun asalin, kamar mai magani da zai ba ka ƙulli ya hana ka sanin saiwar da ya daka. In ƙullin bai karɓe ka ba, sai dai ka koma wurinsa.

Wajen 1980, wani masani a jami'ar MIT ta Amurka mai suna Richard Stallman ya so ya gyara manhajar wani injin buga takarda da ke yawan cije takarda, aka hana shi rubutun asalin. Abin ya tsaya masa a rai. Ranar 27 ga Satumba 1983 ya yi shelar aikin da ya kira GNU, wato gina cikakken tsarin kwamfuta wanda ba a ɓoye komai nasa. A 1985 ya kafa gidauniyar manhaja mai ƴanci, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL. Ƴancin da yake nufi huɗu ne: ka yi aiki da manhajar yadda kake so, ka karanta rubutun asalinta ka sauya shi, ka kwafa ka ba maƙwabcinka, ka kuma raba gyaran da ka yi. Sharaɗin GPL ɗaya ne mai ƙarfi: in ka raba wa jama'a abin da ka gyara, dole ka bar musu ƴancin da kai ma aka bar maka.

A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya saki Linux, jama'a daga ko'ina suka yi ta ƙara masa gini. Wayar Android da ke aljihunka yau a kan Linux aka ɗora ta. Su waɗannan magina yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, ta wasiƙun intanet kawai suke aiki, har suka gane cewa akwai maganar da ba ta ƙarewa sai an zauna ido da ido. A watan Afrilu 1998 mai buga littattafai Tim O'Reilly ya tara manyansu a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, kuma a wannan zama aka jefa ƙuri'a a kan sabon sunan da muke fassarawa da buɗaɗɗiyar manhaja. Ashe ko sunan abin ma waɗanda suka halarci taro ne suka raɗa shi.

Wani malamin firamare a Bordo

Shekarar 2000 ta haifi taruka biyu da suka yi suna a Turai. A Burusel ta Beljiyam wani matashi, Raphaël Bauduin, ya fara haɗa ƙaramin taro wanda daga baya aka sa wa suna FOSDEM. Har yau ana yin sa kusan farkon Fabrairu a harabar jami'a, dubban mutane ke zuwa, ba kuɗin shiga, ba ma rajista. Ana raba azuzuwan jami'ar, kowane aji da batunsa, ana ɗaukar jawaban a bidiyo a zuba su a intanet kyauta.

Na biyun ya fi shafar mu. A watan Yuli 2000 ƙungiyar ABUL ta masu amfani da Linux a Bordo ta Faransa ta shirya taron duniya na manhaja mai ƴanci da ake kira RMLL. A cikin mutanen wannan ƙungiya akwai Jean Peyratout, malamin firamare kamar mu. Shi da wani masanin kwamfuta, Éric Seigne, suka assasa AbulÉdu, tsarin da aka gina musamman don makaranta, da ƙananan manhajojin koyon karatu da lissafi waɗanda malamai suka sa hannu wajen tsara su. Malamin ya san abin da yaro ɗan shekara shida ke iya riƙewa, masanin ya san yadda ake gaya wa na'ura. A shekarar nan ta 2000 ne kuma Bruno Coudoin ya fara GCompris, wasannin koyo na yara da masu sa kai suka fassara zuwa harsuna da dama. Harshen da ya samu mai tsaya masa ya shiga, wanda bai samu ba yana nan waje.

Taro ya ƙetaro Afirka

A watan Fabrairu 2003, a Jeneba, lokacin shirye-shiryen babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa, ƴan Afirka suka ƙaddamar da gidauniyar FOSSFA. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai wata ƴar Najeriya, Nnenna Nwakanma. Taron gidauniyar sunansa Idlelo, kalmar kudancin Afirka mai nufin makiyayar da kowa ke da haƙƙin kiwo a cikinta. Mutumin Maraɗi ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan suna. Mun san makiyaya, mun san burtali, mun san abin da ke faruwa ranar da wani ya wayi gari ya shinge abin da yake na kowa.

An yi Idlelo na farko a Cape Town a 2004, na biyu a Nairobi a 2006, na uku a Dakar a 2008, na huɗu a Akra a 2010, na biyar a Abuja a 2012. A ɓangaren ƙasashe masu aiki da Faransanci kuma aka yi taron RALL a Wagadugu a 2004, a Libreville a 2005, a Rabat a 2007. Bayan nan sabon zubi na matasa ya taso. Masu zana taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya ƙara garinsu a ciki, sun yi taronsu na Afirka na farko a Kampala a 2017, na biyu a ƙasar Kodebuwa a 2019. Masu aiki da harshen kwamfuta na Python sun yi nasu na nahiya a Akra a watan Agusta 2019. A watan Nuwamba na shekarar, masu rubuta Wikipedia na Afirka suka yi Wiki Indaba a Abuja. A Fabrairu 2020 kuma ƙungiyar OSCA, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa, ta yi babban bikinta na farko a Legas.

Ku dubi jerin garuruwan nan da kyau. Cikin shekara ashirin taron ya taso daga Kalifoniya da Burusel har ya iso Wagadugu da Abuja, ƙofar gidanmu. Amma duk manyan birane ne, kuma yaren da ake magana da shi a kan mumbari Ingilishi ne ko Faransanci. Masu zuwa galibi injiniyoyi ne da ɗaliban jami'a da ma'aikatan ƙungiyoyi. Malamin ajin farko, wanda shi ne ke fara sa wa yaro harafi a hannu, da wuya a gan shi a wurin.

Haruffanmu ma a taro aka haife su

Kada wani ya ɗauka zaman taro baƙon abu ne a tarihin rubutun Hausa. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci da Mandinka. A 1978 aka sake zama a Yamai kan haruffan harsunan Afirka baki ɗaya. A tsakanin nan, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa da muke bi, wadda ta tabbatar mana da ƴ inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta y da waƙafi a gabanta.

Da kwamfuta ta zo, sai aka koma baya. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ tun farkon shekarun 1990. Amma allon haruffan da ke zuwa da kwamfutocinmu na Faransanci ne, babu su a kai. Sai ma'aikatu suka riƙa dabara: a ɗauki wani zubin haruffa a goge wata alama a zana ƙ a gurbinta. Rubutun yana kyau a kwamfutar da aka buga shi, yana barin ta ya watse.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Shirin Soutéba na tallafa wa ilimin firamare ya fitar da ƙamus na Hausa da Faransanci don makarantunmu a 2008, tare da na wasu harsunan ƙasa. Daga baya masanan Nijar da abokan aikinsu na Faransa, Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot, suka yi aikin da ake kira DiLAF: suka mai da ƙamusoshin zuwa Unicode, suka sa su a intanet da lasisin da ya ba kowa damar amfani da su. Suka kuma kai bayanin aikin gaban taron masana a Grenoble a 2012, don masu wasu harsunan su koyi hanyar. A wani gefen, ƙungiyar SIL ta saki zubin haruffa na Andika, wanda aka zana don masu koyon karatu, da lasisi buɗaɗɗe, ta kuma buɗe rubutun asalin Keyman, manhajar da ke ba ka damar buga harafi mai ƙugiya a kowace kwamfuta ko waya. Kayan aikin suna nan, kyauta ne. Abin da ya rage shi ne labarinsu ya iso Gangara da Cadakwari da Saye Sabuwa, kuma labarin abin da bai yi daidai ba a cikinsu ya koma wurin masu gyara.

Darasin Ɗan Saga

In ana neman shaidar cewa ilimin da aka bari a buɗe yana tafiya da ƙafar mutane, ba sai mun je Burusel ba. A shekarar da Stallman ya yi shelarsa, 1983, wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka rage sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa ba. Dabarar tana da tushe a aikin kakanninmu, shi kuma ya tsaya mata har ta samu suna, sassaben zamani.

Ba wanda ya yi wa dabarar rajista ya ce tasa ce. Kowane manomi ya gwada, ya sauya ta daidai da gonarsa, ya nuna wa na kusa da shi. Ƙauyen Ɗan Saga a gundumar Agye ya yi fice: mutanensa sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, kuma da tallafin ayyukan FIDA irin su PPILDA manoma daga wurare suka riƙa zuwa gani da ido, su kuma mutanen ƙauyen suna tsayawa a gaban baƙi suna bayani da bakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar, wajen itace miliyan 200. Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya a 2018. Gawon da kalgon da kuke gani a gefen hanya daga Cadawa zuwa Gazawa amfanin wannan tafiya ne.

Ƴancin nan huɗu na Stallman duk suna cikin labarin: yi amfani, fahimta, sauya, ba maƙwabci. Kuma manomin Ɗan Saga bai jira ya zama injiniyan gona ba kafin ya yi jawabi. Ya faɗi abin da ya gani a gonarsa ne, masu digiri suka rubuta.

To me malami zai faɗa?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da ke Legas ko Burusel bai san cewa a wani zubin haruffa ƙugiyar ɗ tana da ƙanƙanta har yaron da ke bencin baya ba ya ganinta ba. Bai san cewa kalmar da aka fassara masa daga Kano wani lokaci ba ita yaron Tibiri ke ji a gida ba, mu da ke cewa lakwal da mushe. Bai san yadda ake koyar da yara fiye da saba'in da waya ɗaya ba. Waɗannan su ne jawabanmu, kuma babu mai iya yin su sai mu.

Na taɓa gwadawa sau ɗaya, a wani ƙaramin zama da ɗalibai masu sha'awar kwamfuta suka shirya a Maraɗi. Minti goma aka ba ni. Na ɗaga takarda biyu na darasi ɗaya, guda da haruffanta daidai, guda cike da akwatuna, na karanta musu ta biyun kamar yadda yaro zai karanta ta. Aka yi dariya, sannan aka yi tsit. Kafin a watse wani saurayi ya sa mini Keyman da Andika a kwamfuta, wata ɗaliba kuma ta nemi in rubuto mata kalmomin lissafi da muke amfani da su a aji. Wannan kwamfutar ita ke buga wa makarantarmu takardun Hausa har yau.

Hanyar shiga manyan tarukan ma ba ɓoyayya ba ce. Watanni kafin taro masu shiryawa kan yi shelar neman masu jawabi. Kana rubuta kan magana da taƙaitaccen bayani na ƴan layuka, kwamiti ya duba ya zaɓa. Akwai gajerun jawabai na minti biyar zuwa goma sha biyar waɗanda aka tanada don sababbin shiga. Wasu tarukan, kamar Wiki Indaba da na masu taswira, suna ɗaukar nauyin tafiyar wasu daga cikin mahalarta, kuma abin da suke dubawa shi ne aikin da mutum ya riga ya yi a garinsu. Tun 2020 da yawa suna karɓar jawabi daga nesa ta bidiyo.

Na san abin da wani zai ce: muna fama da ajin zana, babu benci, babu lantarki, ana yi mana zancen Burusel. Gaskiya ne, kuma Yamai kanta ta fi kilomita 600 daga Maraɗi, albashin malami bai kai shi can don jawabin minti goma ba. Amma masu irin matsalarmu ne suka sa aka ƙirƙiro Kiwix a 2007, manhajar da ke ɗauke da Wikipedia dungurungum a karanta ta ba intanet. Wani ne ya faɗi cewa garinsu babu layi, aka ji shi. Sannan yanzu ne ake tattara muryoyi da rubutun da na'urori za su koyi Hausa da su, kamar a shirin Common Voice na Mozilla wanda kowa ke iya ba da muryarsa. In babu muryar Gobir da Katsinar Maraɗi a ciki, na'urar da jikokinmu za su yi magana da ita ba za ta gane su sosai ba.

Mu fara daga inda muke

Muna da taronmu tun tuni, CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa su duba aikin juna. Ina roƙon masu jagorantar sa su ware minti goma sha biyar a kowane zama, malami ɗaya ya tashi ya nuna abu ɗaya: yadda ake buga ƙ a waya, yadda ake duba ƙamus, yadda ake sa makarantarmu da rijiyar garinmu a taswira. A rubuta matsalolin da aka gano a takarda ɗaya, a miƙa wa ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke Maraɗi, su aika wa masu manhajar. Tun 2004 ake bikin ranar ƴancin manhaja a duniya, yanzu kuma ana yin ta ranar Asabar ta uku a watan Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna, gab da komawa lakwal. Aji ɗaya da janareta ɗaya a Agye ko Gidan Rumji sun isa a yi ta, kuma da Hausa.

Ku kuma iyaye, musamman ƴan kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata, duk ranar da wani shiri ya kawo kyautar kwamfuta, ku yi godiya sannan ku yi tambaya uku. Tana rubuta haruffanmu? Manhajar da ke ciki za ta nemi kuɗi bayan shekara? In ta lalace, yaron garin nan yana da izinin buɗe ta ya gyara? In kuma ɗanku ko ƴarku ta ce za ta je irin wannan zama, ku bincika wurin da masu shirya shi, in kun gamsu ku sa mata albarka. Mata uku na ambata da suna a tarihin nan, kuma biyu daga cikinsu kafa ƙungiya suka yi.

A Bamako a 1966 wasu sun zauna a madadinmu sun daidaita haruffan da muke koyarwa yau, Allah Ya saka musu da alheri. Zaman da ake yi yanzu na yadda na'ura za ta rubuta Hausa ta kuma ji ta ne, kuma ƙofarsa a buɗe take ga duk wanda ya zo da abin faɗa. Allah Ya ba mu ikon zuwa da kanmu, Ya yi wa yaranmu albarka.